Yadda za ki koya wa yaro ware kaya kashi-kashi tun kafin ki matsa masa da ƙirga

Abin da ya fi burge mu iyaye shi ne yaro ɗan shekara uku ya tsaya ya zubo wan, tu, tiri har ashirin, a tafa masa a ɗauke shi a waya a tura wa dangi. Toh amma ki zuba masa murfin kwalba biyar ki ce ya ƙirga, sai ki ga ya taɓa ɗaya sau biyu, ya tsallake wani, ya ce takwas. Hadda ce kawai ya yi. Ƙirga ba ta zama a kan yaro sai ya fara gane cewa waɗannan iri ɗaya ne wancan kuma daban yake, don sai ka san me kake ƙirgawa sannan za ka ƙirga shi. Wannan warewar a tsakar gida ake koyonta, ba sai kin sayi komai ba.

Ki nemi faifai ko tire, da ƙananan kwanuka biyu ko uku. Sai tarkace: murafen kwalaben lemo da na ruwa, cokula, kofuna, ƙwallon goruba, ƙwallon dabino, safa, ƙyallayen da tela ya zubar. Amma fa a kula, yaron da bai kai shekara 3 ba kada a ba shi wake ko masara ko gyaɗa ko maɓalli, baki zai kai, in bai kai baki ba ya cusa a hanci ko kunne a kwana a asibiti. Shi manyan abubuwa za ki ba shi waɗanda ba za su shige bakinsa ba. Ɗan batirin nan mai faɗi na agogo da kayan wasa kuwa kada ma ya shigo cikin tarkacen, in yaro ya haɗiye shi cikin awa biyu yana iya ƙona masa maƙogwaro.

Ɗan shekara biyu da haɗa abu da ɗan'uwansa zai fara. Ki hargitsa takalman da ke ƙofar ɗaki, ki ɗaga ƙafa ɗaya ki ce "nemo min ɗan'uwansa". Ko in kin gama wanke-wanke ki ce cokula nan, kofuna can. Iri biyu kawai, kuma masu bambanci sosai.

In ya kai uku sai ki shigo da kwanuka. Ki zuba murafe ja da farare a tire, ki ɗauki ja ɗaya ki sa a wannan kwano ki ce "ja", ki ɗauki fari ki sa a wancan ki ce "fari", ki ƙara ɗaya-ɗaya, sai ki miƙa masa na gaba ki yi shiru. Shirun nan shi ne ke wa iyaye wuya wallahi, hannu na ƙaiƙayi a gyara masa. In ya sa a inda bai dace ba ki bar shi ya ci gaba, sau da yawa da kansa zai hango baren ya cire, in bai gani ba a ƙarshe ki ce "duba kwanon nan da kyau, duk iri ɗaya ne?" Kada ki fara da kore da shuɗi, suna rikita yara. In launi ya zauna ki koma babba da ƙarami, dogo da gajere, mai santsi da mai kaushi.

Sai wajen da na fi so a daɗe a kai. Wata rana ki zube tarkacen duka ba tare da kin faɗa masa yadda zai ware ba, ki ce kawai "haɗa min waɗanda suka dace da juna". In ya gama ki tambaye shi, "me ya sa ka haɗa waɗannan?" Za ki iya ganin ya sa ƙaramin cokali da kofi waje ɗaya, ke a ranki kin ce ya yi kuskure tunda cokula ga su can, shi kuma ya ce miki ai na shayi ne. Bai yi kuskure ba, ƙa'idarsa ce daban da taki, kuma yaron da zai iya kafa ƙa'ida ya bi ta ya faɗi dalilinta, lissafin kenan yake yi, ya fi wanda ke jiran a nuna masa kwanon da zai sa. Ki karɓi dalilin, sai ki ɗauko wani abu ki ce "toh wannan fa ina zai je?" ki ga ko zai tsaya a kan maganarsa.

Daga shekara huɗu zuwa biyar ki fara canza ƙa'ida a kan kaya ɗaya. Ya gama warewa ta launi, ki juye su ki ce yanzu ta girma. Kada ki yi mamaki in ƙaninsa ɗan uku ya kasa. Masu binciken tunanin yara sun gwada wannan da kati masu hoton zomo da jirgin ruwa, ja da shuɗi, suka ga yawancin 'yan shekara uku ko an sauya musu ƙa'ida tsohuwar suke ci gaba da bi, har yaro zai faɗi sabuwar da bakinsa amma hannunsa ya kai katin inda ya saba. Ba taurin kai ba ne kuma ba daƙiƙanci ba, lokaci ne bai yi ba, don haka babu batun tsawa balle ranƙwashi.

Daga nan ƙirga za ta shigo da kanta. In ya ware, ki ce wane kwano ya fi yawa? Zai nuna wanda ya fi tsiri. Sai ku jera su layi biyu, kowane ja da farinsa a gefe, wanda ya rage ba abokin tsayuwa shi ya fi yawa, sannan ku ƙirga yana taɓa kowanne sau ɗaya. Ku yi wasan mai tumatir, ya kasa ƙwallayen dabino kashi uku-uku ke ki zo saye, "Malam nawa kashi? Ba ni kashi biyu", kinga nan ya fara taɓa lissafin sau da na rabawa bai sani ba. Babba ɗan shida kuma ki ja shi tsintar wake, mai kyau nan, mai huji nan, tsakuwa can. Minti goma ya isa, da kin ga ya fara watsi da kaya ku tashi. Kuma ki yi masa da Hausa ko da makarantarsu Turanci ake yi, dalili ake so ya kawo, da harshen da ya fi iyawa zai kawo shi.

Akwai tambaya ɗaya da za ki ajiye sai can gaba. In akwai awaki biyar da tumaki biyu a gida, ki ce masa awaki ne suka fi yawa ko dabbobi? Zai ce awaki. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Siwizalan, da duwatsun wuya na katako ya gwada irin wannan, ya ga yara sai wajen shekara 7 zuwa 8 suke gane cewa ƙaramin rukuni yana cikin babba. In ya ce awaki kada ki yi masa gardama, ku ƙirga awakin, ku ƙirga dabbobin duka har da tumakin, ki ƙyale shi, bayan wasu watanni ki sake tambaya.