Yadda Ake Gwada Akwatin Wutar Kwamfuta Mai Filogin da Ya Saɓa wa Ƙa'idar ATX

Mai gyaran kwamfutar tebur da ya saba da ƙa'idar ATX ta tsarin kayan cikin kwamfuta, wadda kamfanin Intel ya fitar a shekarar 1995, ya san hanya mai sauƙi ta tayar da akwatin wuta ba tare da an haɗa shi da madabod ba, wato babban allon da ake haɗa dukkan sassan kwamfuta a kansa. Ana lanƙwasa kilif na takarda, a sa baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗaya bakin a ramin baƙar waya, sai fanka ta fara juyawa. Wannan dabara tana aiki ne saboda kowane akwati mai bin ƙa'idar yana ajiye wayoyinsa a wuri ɗaya: a filogi mai fil 24, wato mai ramukan waya 24, koriyar waya tana fil na 16, a tsohon mai fil 20 kuwa tana fil na 14. Matsalar ita ce yawancin kwamfutocin ofis da Dell da HP da Lenovo suka ƙera ba sa bin wannan tsari. OptiPlex 9020 na Dell yana da filogi mai fil 8, OptiPlex 7050 mai fil 6, EliteDesk 800 G1 na HP mai fil 6, ThinkCentre M93p na Lenovo kuwa mai fil 14. A irin waɗannan, launin waya da siffar filogi ba hujja ba ne, kuma dole ne a gano aikin kowace waya ta hanyar awo kafin a haɗa ta da wata.

Haɗarin dogaro da ido ya daɗe. A ƙarshen shekarun 1990 Dell ya sayar da kwamfutoci masu filogi mai fil 20 wanda yake shiga soket ɗin ATX daram, amma an jera wayoyinsa daban, har wayar da ke kunna akwatin ta kasance ruwan toka maimakon koriya. Wanda ya musanya irin wannan akwati da na kasuwa yana iya ƙona akwatin ko madabod ɗin, ko ma duka biyun.

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna bolt da kuma gwajin haɗuwar waya, rasista (ɗan abin da ke taƙaita wutar da ke bi ta cikinsa) mai om 220 ko 330, ƙwan fitilar mota na bolt 12, da takarda da biro. Kada a buɗe murfin akwatin wutar ko kaɗan, domin babbar kafasitar da ke ciki, wato abin da ke tara wuta, tana ɗaukar kusan bolt 400, kuma tana iya riƙe wutar bayan an zare igiyar daga bango. Duk awon da za a yi a nan ana yin sa ne a bakin filogi.

Mataki na farko shi ne karanta takardar da ke manne a jikin akwatin. Idan an ga +3.3V da +5V da +12V da +5VSB, akwatin yana fitar da wuta iri-iri kamar na ATX, ko da filoginsa ya bambanta. Idan kuwa abin da aka rubuta +12VA ne da +12VB da +12VSB kawai, to bolt 12 kaɗai yake bayarwa, madabod ce ke rage shi zuwa bolt 5 da 3.3, kuma shi ya sa wayar wutar faifan ajiya take fitowa daga madabod a irin waɗannan kwamfutoci. Wannan bayani yana hana kuskuren da aka fi yi, wato a yi ta neman bolt 5 a filogin da ba a ƙera shi da ita ba, a ƙarshe a yanke wa akwati lafiyayye hukuncin lalacewa. A duba bayan akwatin kuma: da yawa daga cikin na Dell suna da ƙaramin maɓalli da fitila kusa da inda igiya take shiga, kuma idan an danna shi fitilar ta kama koriya fanka ta juya, akwatin ya ci gwajin kansa. Gwaji ne mai amfani, sai dai ba ya nuna adadin bolt, ba ya kuma nuna abin da zai faru idan nauyi ya hau, wato idan an haɗa abin da ke jan wuta.

Daga nan a zare igiyar wuta, a cire filogin daga madabod, a zana hotonsa a takarda tare da nuna gefen da maƙallin yake, a ba kowane rami lamba. A sa mita a kan gwajin haɗuwar waya, a ɗora baƙin tsinken a jikin ƙarfen akwatin inda babu fenti, a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da jan tsinken. Duk ramin da ya sa mita ta yi ƙara ba yankewa, kuma ta nuna kusan om sifili, wayar ƙasa ce, wato wadda ke haɗe da ƙarfen akwatin. Wani rami zai iya yin ɗan gajeren ƙara ya yi shiru. Wannan kafasita ce take cika, ba wayar ƙasa ba ce. Da wannan gwajin ne kuma ake gane ramukan da suke haɗe da juna, waɗanda galibi su ne manyan wayoyin bolt 12.

Sai a mayar da igiyar wuta, ba tare da an kunna komai ba, a juya mita zuwa awon bolt na wutar batir a ma'aunin 20. Baƙin tsinke yana kan wayar ƙasa, ja yana bin sauran ramukan. Akwati lafiyayye zai nuna wuta a rami biyu kawai ko makamancin haka. Ɗaya ita ce wutar jiran aiki, mai fitowa ko da kwamfuta tana kashe, wadda za ta yi daidai da abin da aka rubuta a takardar jikin akwatin, bolt 5 ko 12. Ɗayar kuma za ta nuna tsakanin bolt 3 da 5, kuma ita ce ake zaton wayar kunnawa, wadda ake rubutawa PS_ON. Idan babu wutar jiran aiki sam, kuma an tabbatar igiya da soket ɗin bango lafiya suke, an gama bincike: akwatin ya mutu.

Wurin da ake buƙatar natsuwa shi ne rarrabe waɗannan biyun idan dukkansu suna nuna kusan bolt 5, domin haɗa wutar jiran aiki kai tsaye da wayar ƙasa zai iya lalata akwatin. A nan rasistar take da amfani. A sa ƙafarta ɗaya a ramin da ake zato, ɗayar a ramin ƙasa, mita tana kan ramin. Wutar jiran aiki tana da ƙarfi, don haka adadinta ba zai motsa ba, kuma abin da zai bi ta rasistar kaɗan ne da ba zai cutar da komai ba. Wayar kunnawa kuwa alama ce kawai marar ƙarfi, don haka za ta faɗi ƙasa da bolt 0.8, akwatin ya tashi. A ganina wannan ya fi kilif ko da a akwatin da aka sani, tunda hannu yana iya zamewa zuwa ramin da ke kusa.

Idan madabod ɗin tana raye, akwai hanyar da ta fi wannan tabbaci. A bar filogin a soket ɗinsa, a cusa siririn tsinken mita ta bayan filogin inda waya take shiga, sannan a danna maɓallin kunna kwamfuta. Wayar da ta sauko daga bolt 3 ko 5 zuwa kusan sifili ita ce ta kunnawa. Wadda ta tashi daga sifili zuwa bolt 3 ko 5 jim kaɗan bayan sauran ita ce alamar da akwatin yake aika wa madabod cewa wuta ta daidaita. A ƙa'idar ATX wannan jinkiri yana tsakanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da rabin daƙiƙa. Akwatin da ke fitar da bolt 12 daidai amma wannan alamar ba ta tashi ba, zai bar kwamfuta da fanka tana juyawa allo kuma baƙi.

Bayan akwatin ya tashi, a auna kowace waya a rubuta. Ƙa'idar ATX ta yarda da bambancin kashi 5 cikin ɗari, kuma ma'auni ne mai kyau ko ga akwatin da ba ya binta: bolt 12 ya kasance tsakanin 11.4 da 12.6, bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25, bolt 3.3 kuwa tsakanin 3.14 da 3.47. Kada a manta da filogi mai fil 4 na wutar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin a akwatin da ke da +12VA da +12VB sau da yawa reshe ɗaya ne ke ciyar da shi, ɗayan yana ciyar da madabod, kuma ɗaya yana iya mutuwa ɗayan yana aiki.

Awo ba tare da nauyi ba rabin gwaji ne. A kashe akwatin, a haɗa ƙwan fitilar mota mai wat 21 tsakanin bolt 12 da ƙasa, wanda zai ja kusan amfiya 1.75, a sake kunnawa. Idan adadin ya tsaya cikin iyaka, ana iya gwada ƙwan babbar fitila mai wat 55, mai jan kusan amfiya 4.6, muddin bai wuce abin da aka rubuta wa wannan reshe ba. Ƙwai mai sanyi yana jan wuta fiye da kima a farkon kamawa, saboda haka idan akwatin ya kashe kansa nan take da babban ƙwai, a koma kan ƙaramin kafin a yanke hukunci. A bar shi na 'yan mintuna ana kallon mita, ƙwan yana kan abin da ba ya kama wuta domin yana zafi sosai. Adadin da ke sauka a hankali yayin da akwatin yake ɗumi alama ce ta kafasitocin da suka tsufa. Mita ba ta ganin ƙananan rawar da ke kan wutar, wadda ƙa'idar ta iyakance a milibolt 120 a kan bolt 12. Wannan sai da osiloskof, na'urar da ke nuna yanayin wuta a allo.

Idan akwatin ya faɗi gwaji, mafi sauƙi shi ne a nemi wanda lambar kayansa ta yi daidai da ta tsohon. Akwai wayoyin juyi da ke haɗa akwatin ATX da waɗannan madabod, amma a tabbatar an ƙera wayar domin wannan samfurin, tunda filogi mai fil 6 na HP da na Dell ba jeri ɗaya suke ba. Idan madabod tana buƙatar bolt 12 na jiran aiki, dole ne wayar juyin ta ƙunshi ɗan ƙaramin allo mai ɗaga bolt 5 zuwa wannan adadi. Kafin a cusa ta a madabod, a kunna sabon akwatin a auna ramukanta, a gwada sakamakon da zanen da aka yi na tsohon filogin rami bayan rami.