Yadda Ake Gwada Gobara a Kwamfuta Kafin a Amince da Zanen Gini

Tun bayan gobarar da ta ci Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, bai kamata a amince da zanen kasuwa ko ɗakin taro ba sai an amsa tambaya guda: in wuta ta tashi, minti nawa hayaƙi zai ɗauka kafin ya toshe hanya, kuma minti nawa jama'a suke buƙata su fice? Wannan lissafin ne ake yi da kwamfuta.

Manhajoji biyu sun ishe ka, kuma kyauta ne daga NIST, cibiyar ma'aunai da fasaha ta gwamnatin Amurka. CFAST tana raba ɗaki gida biyu, zafi a sama, sanyi a ƙasa, ta ba da amsa nan take. Ta dace da shago ɗaya ko ofis. In layin rumfuna ne ko bene, ɗauki FDS, wadda ta fito a 2000, ka kalli sakamakon da Smokeview, abokiyar aikinta mai nuna shi a hoto.

Fara da wutar kanta, domin a nan aiki yake gyaruwa ko ya lalace. Je ka ga abin da za a ajiye a wurin da idonka. Rumfar hatsi daban, shagon katifar soso daban, balle in akwai jarkar fetur ta janareto a lungu. Injiniyoyi sun kasa saurin girman wuta kashi huɗu bisa lokacin da ƙarfin zafin da take fitarwa yake kai kimanin megawat ɗaya: sakan 600, 300, 150 da 75. Soso da leda suna cikin masu sauri. Girman kuma ninkuwa yake yi: wutar da ta kai megawat ɗaya a sakan 150 za ta kai huɗu a sakan 300. A FDS, ka rubuta iyakar ƙarfin wutar a HRRPUA, wato zafin da kowace murabba'in mita take fitarwa, sannan ka sa TAU_Q=-300, wato ta kai wannan ƙarfin a sakan 300, don ta hau a wannan tsari. Kada ka manta da yawan kunkunniya. Na soso ya ninka na katako sau da yawa, kuma shi ke hana mutum ganin ƙofa.

Sai raba ginin a kwamfuta zuwa ƙananan akwatuna, waɗanda FDS take lissafi a cikin kowannensu. Ga wutar megawat ɗaya, akwati mai santimita 10 ta kowane gefe mafari ne mai kyau. Shago mai mita 3 da 4, tsayi mita 3, zai ba ka akwatuna 36,000, kwamfutar hannu ma za ta iya. Amma in ka rage kowane gefen akwatin da rabi, lokacin lissafi zai ninka kusan sau 16, don haka tanadi wutar lantarki marar yankewa. Duk da haka a sake gwajin da akwatuna ƙanana. In amsar ta sauya sosai, ta farkon ba abin dogaro ba ce.

Akwai abubuwan da FDS take ɗauka da kanta in ba ka faɗa mata ba, kuma ba don Sakkwato aka tsara su ba. Tana ɗaukar zafin gari digiri 20, alhali a bazara muna wuce 40, sai ka gyara TMPA, inda ake rubuta zafin gari. Tana ɗauka babu iska, to ka ƙara gwaji na biyu da iskar hunturu daga arewa maso gabas. Bango kuwa, in ba ka bayyana kauri da yanayin bulo da kwanon rufi ba, za ta bar shi bai ɗumama ba, ta yi ta shanye zafi. Gefunan filin lissafin, wato iyakar wurin da ka raba akwatuna, ma a rufe suke sai ka sa OPEN don buɗe su. Ka faɗaɗa filin mita biyu ko uku bayan ƙofa, in ba haka ba wutar ta shaƙe ta mutu, ka ɗauka ginin lafiya lau ne.

Dasa ma'aunai a tsayin mita 2 kan hanyar fita. Da zarar gani ya gaza mita 10 ko zafi ya haura digiri 60, lokacin tsira ya ƙare. Kwatanta shi da lokacin ficewa, haɗe da mintunan da mutane kan ɓata suna kwashe kaya. Ƙofar da ake garƙamewa da kwaɗo kuma, rufe ta a gwajin, ka kai wa 'yan kwana-kwana wannan sakamakon tare da zanen.