Kurakuran da ke dawo da fayil ɗin ƙarin girman malami

Da zarar takardar neman ƙarin girma ta fito daga ofishin magatakarda, sai ka ga malaman jami'a a Kafin Hausa da Wudil sun bazama neman shagon fotokwafin da ya tayar da janareta. Kuskuren farko ke nan: haɗa aikin shekara 3 cikin mako guda. Na taɓa taya wani abokin aikina zazzage buhun takardunsa, muka tarar gara ta cinye rabin wasiƙar da aka naɗa shi jami'in jarrabawa na sashe. Kowa ya san ya yi aikin, amma kwamiti takarda yake bai wa maki. Ranar da aka miƙo maka wasiƙa ko shaidar halartar taro, ɗauki hotonta da waya, tura wa imel ɗinka, ka ajiye ta asalin a fayil ɗin roba can saman kanta.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen mujallu. Mujallar da ta karɓi maƙalarka cikin kwana uku, ba ta ce ka gyara ko waƙafi ba, sai lambar asusun da za ka biya, to kuɗinka take so. Kafin ka tura, nemi sunanta a Scopus ko DOAJ ko AJOL, wato shafukan intanet da ke jera mujallun da aka tantance, ka kuma tambayi wani farfesa a fanninka. Yana yi mini ciwo in ga malami ya cire daga kuɗin taki ya biya irin wannan mujalla, sannan a soke maƙalar da jan biro. Haka kuma zuba komai a mujallar tsangayarku, ko fitar da maƙala shida a shekarar da za ka nema bayan shiru na shekara biyu. Daga matakin mataimakin farfesa, wajen jami'arku ake kai aikinka, gaban masu tantancewa da ba su taɓa ganin fuskarka ba, kuma suna lura da duk wannan.

Sai suna. A nan Muhammad, a can Mohammed, a wata maƙalar kuma ka saka sunan garinku. Malama ma takan wallafa da sunan mahaifi, daga baya ta koma na miji. Tsaya a kan rubutu ɗaya, ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, kyauta ce, na baya kuma ka haɗa da takardar rantsuwar kotu.

Jerin maƙalun da ke takardar tarihin aikinka ya bi tsarin kwafin da ka ɗinke, lamba da lamba.

Mu da ke koyarwa a karkara muna raina hidimar al'umma, alhali mun fi kowa yin ta. Ka koya wa manoma adana wake, ka yi darasin yaƙi da jahilci, ka zauna a kwamitin makarantar firamare, ba ko takarda ɗaya. Je wurin dagaci ko hedimasta ya rubuta maka, da kwanan wata da hatimi.

Sabon malami kuma, fara duba ko an tabbatar maka da aikinka, don galibi ba a duba ƙarin girman wanda ke lokacin gwaji. Karɓi kundin ƙa'idojin jami'arku na yanzu a wurin shugaban sashe. Makin da ake nema a Dutse ba lallai ya zama na Wudil ba.