Kafin ka canza wa ƙaramar motarka rim da taya

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana cina a rai, saboda kusan duk sati sai na ga wani ya sayi Yaris ko Corolla ko 206 tokumbo, ko wata biyu bai yi da ita ba ya ɗora mata rim ɗin aloi inci 17 mai walƙiya da wata siririyar taya wadda gefenta bai kai yatsa uku ba, motar ta yi kyau kam ba ƙarya, amma damina na sauka ramin farko da ya faɗa a unguwa rim ya lanƙwashe, taya ta yi ƙulu a gefe, kuɗi sun tafi. Ƙanina haka ta faru da shi da Yaris ɗinsa, a wata uku rim biyu suka lalace, kuma abin da ya fi ɗaga min hankali ranar da tayar ƙarshe ta sace yana kan hanyar Zariya ne da iyalinsa a ciki. Allah ya tsare, amma daga ranar na zauna na koyi lambobin nan da kyau.

Abu na farko, kar ka fara da shagon mai rim, fara da motarka. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, yawancin motoci akwai wata takarda manne da ke ɗauke da girman tayar da kamfani ya sa da kuma yawan iskar da ake ba ta. Kar ka dogara da tayar da ka tarar a kan motar, don mai ita na baya ko dila zai iya sa duk wadda ya samu da araha.

Za ka ga rubutu kamar 185/65 R15 88H. 185 ɗin faɗin taya ne a milimita. 65 kuma tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, ba milimita ba ne, nan mutane da yawa suke ruɗewa. 15 girman rim ne a inci. 88 nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, kilo 560 ke nan, in ka ga 82 kilo 475 ne, 91 kuma 615. H gudun da za ta jure, kilomita 210 a awa, T kuma 190. Lambar nauyin nan kar ka taɓa sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta, musamman mu da muke cika mota da mutum biyar da buhun masara a but in za mu gida.

To yanzu ga inda maganar take. In ka ƙara girman rim dole ka rage tsayin gefen taya, saboda tsayin ƙafar gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama ya tsaya kusan yadda yake, bambancin kar ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Lissafin ba wuya, da kalkuletar waya ma ka yi. Ka ninka incin rim da 25.4, sai ka fitar da tsayin gefe ka ninka shi biyu ka haɗa. Misali 175/65 R14 da ke kan ƙananan motoci da yawa: 14 sau 25.4 ya ba ka 355.6, kashi 65 na 175 ya ba ka 113.75, sau biyu 227.5, jimilla kusan milimita 583. In kana son inci 15, 185/55 R15 tana ba ka 584.5, ka ga kamar an auna. Amma in mai shago ya ce ai 195/65 R15 ce a ƙasa, ita ce ake samu ko'ina, sa kawai za ta shiga, wannan 634.5 ce, ta fi ta asali da kusan kashi 9. Mitar gudu za ta nuna maka 100 alhali kana kusan 109, motar za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai a cikin gari, kuma duk galan da ka hau taya ta goga madgad. Ga masu Corolla mai 195/65 R15 kuwa, 205/55 R16 tana ba da kusan 632, shi ya sa ita ce canjin da ya fi zama daidai a wannan motar.

Ni a ra'ayina, kuma na san masu son gayu ba za su ji daɗi ba, a Kaduna inci ɗaya ya isa ƙari. Daga 14 zuwa 15, ko daga 15 zuwa 16, ka tsaya nan. Gefen tayar nan shi ne katifar da ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. 195/65 gefenta kusan milimita 127 ne, 205/55 kusan 113, amma 215/45 R17 bai kai 97 ba, kuma wannan ragin da kake gani kaɗan a takarda shi ne bambancin ka wuce rami lafiya da ka tsaya wajen mai faci yana dukan rim da guduma. In zirga-zirgarka daga Ahmadu Bello Way zuwa Barnawa ce kawai wataƙila ka sha, amma wanda ke shiga lungunan Rigasa ko Tudun Wada ko Mando da damina ya san abin da nake nufi. Ga kuma shokozoba da boljoyin da su ma suke shan dukan da taya ta kasa shanyewa. Wani lokacin ma abin da ya fi shi ne ka nemi aloi mai kyau daidai incin da motar ta zo da shi, ka samu kyan ba ka taɓa komai ba.

Sai ramukan noti. Ba ƙirga su kawai ake yi ba, akwai tazararsu, shi ake rubutawa 4x100 ko 5x100 ko 4x108, lambar farko yawan ramuka ce, ta biyu kuma faɗin da'irar da suke kai a milimita. Yawancin Yaris, Picanto, Golf 3 ta gama-gari da Civic har zuwa ƙirar 2005 duk 4x100 ne. Peugeot 206 rami huɗu ne ita ma amma 4x108, don haka rim ɗin Yaris ba zai hau ta ba ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Corolla kuma sai ka lura, ƙirar 2003 zuwa 2008 da aka shigo da ita daga Amurka 5x100 ce, ta Turai ta wannan zamanin rami huɗu ce, sannan rim ɗin Camry mai rami biyar 5x114.3 ne ba zai shiga waɗannan Corolla ɗin ba. Don Allah duk wanda ya ce maka zai faɗaɗa ramin da dirila ko ya matsa noti a karkace ya kama, ka ɗauki motarka ka tafi, wannan ƙafa ce da za ta iya cirewa kana gudu.

Ramin tsakiya ma yana da awo, na Yaris da Corolla ɗin da na ambata milimita 54.1 ne, Civic ɗin da na ambata 56.1, Golf 57.1, 206 kuma 65.1. Rim ɗin kasuwa yawanci ana yin raminsa da faɗi, kamar 73.1, don ya hau motoci da yawa, sai a sa wani ɗan zobe ya cike gurbin. In ba a sa ba sau da yawa shi ne sitiyari ke karkarwa in ka kai 90 ko 100, ka yi ta biyan kuɗin balansin a banza.

Juya rim ɗin ka duba bayansa, za ka ga an zana wani abu kamar 6Jx15 ET45. 6J faɗin rim ne inci shida, ET kuma shi ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje. Lamba ta yi ƙasa, ƙafa ta leƙo waje ta goga madgad ta wahalar da boris. Ta yi sama da yawa, ta shige ciki ta taɓa shokozoba ko birki. Ciro safaya ko ɗaya daga rim ɗinka na asali ka karanta nasa, ka nemi wanda bai yi nisa da shi ba, milimita biyar sama ko ƙasa. Notin ma ka tambaya, don na aloi ɗin Toyota na asali shimfiɗaɗɗen gindi gare shi da washa, yawancin rim ɗin kasuwa kuma mai tsinin gindi suke so, in ka haɗa wanda ba nasa ba zai ɗauru a ido amma yana kwancewa a hankali.

In na hannu za ka saya a Panteka ko wani wuri, sa a wanke rim ɗin ka duba cikinsa da kyau ko akwai tsaga ko alamar walda da aka shafe da fenti, kuma a ɗora shi a injin balansin ka tsaya ka ga yana juyawa ko yana rawa. Taya kuma nemi lamba huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, 2321 na nufin sati na 23 a 2021. Zanenta zai iya zama da kauri amma robar ta tsufa ta bushe, kuma zafin kwalta a watan Maris da Afrilu ba ya raga wa tsohuwar roba.

Kafin ka biya, ka roƙi a ɗaura ɗaya a gaba ɗaya a baya. A sauke jak, ka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka sa hannu ka ji ko akwai inda ta kusa taɓawa, sannan mutum uku su zauna a baya ka ɗan zaga ka hau galan ko biyu kana saurare. Mai shagon kirki ba zai hana ka ba. In komai ya yi, a ɗaure noti a gicciye ba a jere ba, kuma kar yaron shago ya hau kan sufana da ƙafa yana tsalle, na Corolla da Yaris kusan 103 Nm ake so, Nm ɗin awon ƙarfin ɗaurin noti ne. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka koma a sake taɓa su, ka kuma gwada ko sufanar da ke but ɗinka tana shiga ramin sabon rim ɗin, sannan ka ajiye tsofaffin notin a mota saboda safayarka su take so.