Kurakuran Ɗaliban Likitancin Dabbobi Wajen Feɗe Mushe da Karanta Gwajin Jini

Mafi haɗari shi ne saurin sa wuƙa. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jinin da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da dubura, ba a feɗe ta. Ciwon saifa ake zargi. Ƙwayar cutar tana shan iska sai ta yi ɓawo, ta zauna cikin ƙasa shekara da shekaru, ga shi tana kama mutum. A ɗebi ɗigon jini daga jijiyar kunne a shafa a gilashi don gwaji, a ƙone mushen ko a binne shi da zurfi.

Sai ɗaukar ruɓewa a matsayin cuta. Huhun ɓangaren da dabba ta kwanta a kai yakan yi jawur saboda jini ya gangara can bayan mutuwa, gefen hanta kusa da matsarmama kuma ya rine kore. A zafin Sakkwato ko Maiduguri wannan ba ya ɗaukar lokaci. A taɓa huhun da yatsa: mai ciwo tauri yake yi kamar hanta, guntunsa kuma yakan nutse a ruwa.

Wajen ɗiban samfuri ne aka fi asarar aiki. Ana cusa ƙaton yankin nama cikin 'yar kwalba, fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, ya kama waje, ciki ya ruɓe. Kaurin yanki kada ya wuce santimita 1, fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, yawansa ninki 10 na naman. A yanko daga bakin ciwon, a haɗo da lafiyayyen wuri. Kada a sa shi a firiza, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin nama. Wanda za a nemi ƙwayar cuta a cikinsa kuwa, ko da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom za a aika shi, fomalin kashe ta yake yi. A kai shi ɗanye cikin sanyi.

A darasin garkuwar jiki, ɗalibi yakan ga antibodi, wato sinadarin da jiki ke yi don yaƙar wata cuta, a jini ya yanke hukuncin dabba tana ɗauke da cutar. Wataƙila rigakafi aka yi mata, ko ta warke tuntuni, ko ɗan maraƙi ne da ya samu daga dakashin uwarsa. A ɗebi jini sau biyu, tsakaninsu mako 2 zuwa 3. In yawan antibodin ya ninka sau 4, sabon kamu ne. Garkuwar uwa ce kuma ke kashe ƙarfin rigakafin cutar kaji ta Gumboro idan aka ba 'yan tsaki da wuri.