Yadda ake rubutu a intanet da sunan aro: abin koyi daga marubutan Ireland

Ireland ƙaramar ƙasa ce. A ƙidayar 2022 mutanenta miliyan 5.1 ne da 'yan kai, kuma wuri ne da baƙi biyu kan haɗu, kafin su gama gaisawa sun gano wani da dukansu suka sani. Ɓoye suna a irin wannan wuri jan aiki ne. Duk da haka, tsakanin 2006 da 2011, lokacin da Damien Mulley ke shirya bikin karrama marubutan intanet na ƙasar duk shekara, wasu daga cikin waɗanda suka fi tashe ba da sunansu na yanka suke rubutu ba. Twenty Major, wanda ya aro sunansa daga kwalin taba, ya lashe babbar kyautar sau uku a jere, daga 2006 zuwa 2008, har ya fitar da littafi da wannan sunan. A birnin Limerick kuma akwai Bock the Robber, wanda bai bar 'yan siyasa da shugabannin coci sun sarara ba. Wasu sun tsira da sirrinsu, wasu kotu ta sa an nemo su, wasu kuma sun jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba bala'i. Daga abin da ya same su ne na tsamo waɗannan matakai.

Mataki na farko: ka san daga wa kake ɓuya

Mai gudun kada shugabansa a wurin aiki ya gane shi, ba shiri ɗaya zai yi da mai gudun hukuma ba. Na farko sabon suna da kame baki sun ishe shi. Na biyu yana fuskantar masu ikon zuwa wurin kamfanin waya ko kotu su nemi bayanansa. Ka yanke wannan tun kafin ka fara, domin sauran matakan duk a kansa suka rataya.

Mataki na biyu: raba komai kafin ka rubuta kalma ɗaya

Sunan aro ba ya gyaruwa daga baya. Buɗe sabon imel wanda bai taɓa haɗuwa da tsohon ba, ko da a wurin dawo da kalmar sirri. Kada ka ba shafin lambar wayarka ta kullum. Ga mai karatu a Najeriya, tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, don haka lambar waya daidai take da sunanka da hotonka. Kashe damar da manhaja ke nema ta leƙa jerin lambobin da ke wayarka, don ta nan ne Instagram ko Facebook ke tallata sabon shafinka ga 'yan'uwanka da abokan aikinka a matsayin wanda wataƙila sun sani. Kada ka shiga shafin ta intanet ɗin ofis. Manhajoji irin su VPN ko Tor na ɓoye lambar IP, wato adireshin da na'urarka ke bari a duk inda ta shiga, amma shiga ɗaya tak ba tare da su ba ta isa ta ɓata shirin shekara guda. Hoto ma yakan zo da bayanin wuri da lokaci da irin wayar da ta ɗauke shi, sai ka goge wannan kafin ka ɗora.

Mataki na uku: kula da abin da rubutunka ke faɗa game da kai

A ganina nan ne aka fi faɗuwa, ba a wajen na'ura ba. Kowa da karin maganar da ya fi so, da kalmar da kullum yake kuskuren rubutawa, da lokacin da yake samun sukunin zama ya yi rubutu. Wanda ya san ka zai ji muryarka a sakin layi biyu. Ga kuma ƙananan bayanai da ke taruwa a hankali: yau ka ambaci unguwa, wata mai zuwa ka ce matarka malamar asibiti ce, bayan nan ka ba da labarin taron da mutum shida kawai suka halarta. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma mai bibiya tara su yake yi.

Abin da ya faru a Ingila a 2009 ya isa misali. Wani ɗan sanda mai binciken laifuka a Lancashire yana rubutu kan aikinsa da sunan NightJack, har ya ci kyautar Orwell ta rubutu kan siyasa. Jaridar The Times ta gano shi, ya garzaya kotu don a hana ta bugawa, alƙali ya ce rubutu a intanet abu ne na bainar jama'a, ba shi da hurumin a rufa masa asiri. Daga baya ta bayyana cewa kutse aka yi wa imel ɗinsa, amma a gaban kotu an nuna cewa ana iya kaiwa gare shi ta hanyar haɗa abubuwan da ke fili a intanet. Saboda haka ka riƙa jinkirta labari, ka sauya abin da sauya shi ba zai taɓa gaskiyar magana ba, kamar rana ko wuri. Kuma kada ka faɗa wa kowa. Baki shi ke yanka wuya, kuma amininka ma yana da nasa aminin.

Mataki na huɗu: rubuta abin da za ka iya karewa da sunanka

Dublin, babban birnin Ireland, ce mazaunin ofisoshin Turai na Facebook da Google da X, shi ya sa Babbar Kotun Ireland ta saba da masu zuwa neman a tilasta wa kamfani ya bayyana mai wani shafi. A 2020 ta umarci Twitter (wanda yanzu ake kira X) ya miƙa bayanan wani shafi da ke yi wa kamfanin kai kaya na Fastway shaguɓe. Sai dai ba kullum ake bayarwa ba. Wani lauya ɗan Uganda, Fred Muwema, ya kai Facebook ƙara a Dublin yana neman sunan mai shafin TVO, wanda ya zarge shi da karɓar cin hanci. A 2017 kotu ta ƙi, saboda an gamsar da ita cewa rayuwar mutumin za ta shiga haɗari a Uganda idan aka san shi. Kada wannan ya ruɗe ka: barazanar da ke kansa ce ta cece shi, ba wai kotu ta gaskata zarginsa ba.

To, duk zargin da za ka yi, ka tanadi hujjarsa a wuri mai aminci. Ka bambanta abin da ka gani da abin da aka gaya maka. Dokar ɓata suna ta Ireland ta 2009 ba ta ware mai sunan aro ba, haka ma dokar 2020 da ake kira Coco's Law, wadda ta hukunta cin zarafi ta intanet da yaɗa hotunan tsiraici ba da izini ba.

Mataki na biyar: shirya wa ranar da ido zai dawo kanka

Muddin mutum ɗari ke karanta ka, ba wanda zai ɓata lokacinsa a kanka. Ranar da rubutu ɗaya ya karaɗe gari, 'yan jarida za su nemi hira, masu talla su nemi asusun banki, masu shirya biki su ce ka zo ka karɓi kyauta. Tun yanzu ka yanke abin da za ka amsa. Hira a rubuce ta fi ta murya. Kuɗi kuwa sawu suke bari, duk wanda ya biya ka ya san sunan da ke kan asusun.

Mataki na shida: kare waɗanda za a zarga a madadinka

Wannan ne aka fi mantawa. A 2018 wani shafin Instagram mai suna Bloggers Unveiled ya tara mabiya fiye da 200,000 yana fallasa 'yan tallan intanet na Ireland da ke gyara hotunansu ko ɓoye cewa an biya su. Sai farautar mai shafin ta kankama, aka nuna wata mata da yatsa, ta musanta, ta kai ƙara wurin 'yan sanda kan barazanar da ake mata, aka rufe shafin a shekarar. Kafin nan, a ƙarshen 2011, wani mai sunan aro ya ambaci sunan wani ɗalibi a ƙarƙashin bidiyon mutumin da ya gudu bai biya kuɗin tasi ba a Dublin, alhali ɗalibin yana Japan lokacin da abin ya faru. Sai da ya je kotu aka wanke shi.

Idan aka fara cankar ko kai wane ne, kada ka shiga wasan “ba shi ba ne, ba ita ba ce”, don kowace musantawa tana rage yawan waɗanda ake zargi. Ka faɗa sau ɗaya tun farko cewa ba ka tabbatar da kowane suna, ba ka musanta shi. Amma idan aka taso wani a gaba da barazana, ka fito ƙarara ka ce ba shi ba ne, ka goge duk inda aka sa sunansa ko hotonsa a shafinka. Idan kuma takardar lauya ce ta iso, kada ka yi gaggawar share rubuce-rubuce, domin kotu na iya ɗaukar hakan a matsayin ɓatar da hujja. Ajiye kwafin komai, ka dakata da ɗora sabon abu, ka nemi lauya kafin ka ba kowa amsa.