Shawara ga mai shirin tuƙa kwale-kwale a Kogin Yukon

Jama'a, daga Whitehorse zuwa Dawson a arewacin Kanada tafiyar sama da kilomita 700 ce, kusan mako biyu a kan ruwa. Ko da jagora a tare da ku, Tafkin Laberge, wanda kogin ke ratsawa, shi ne wurin shan wuya. Iska kan taso farat ɗaya, igiyar ruwa ta cika kwale-kwale. Ku riƙa bin gaɓa, kada ku yanke ta tsakiya, in iska ta tsananta ku fito ku jira. Ruwan sanyi ƙalau ko a Yuli, cikin 'yan mintuna yatsu sun sandare, don haka rigar ceto ta zauna a jiki, a ɗaure tamau. Ku bar kayan auduga, in sun jiƙe ba sa riƙe ɗumi, ulu ya fi. A Five Finger kuwa, inda manyan duwatsu suka rarraba kogin kuma ruwa ke gudu da ƙarfi, ku bi mashigar dama.